Ƙudajen Malam Fatai

A shekarar da arzikin man fetur ya sa har mai tallan gyaɗa ke ɗaura agogo, Malam Fatai duba-gari ya rufe gidajen abinci tara a Sabon Gari, duk a kan ƙudaje uku.

Haifaffen Fagge ne, kuma da amosanin jini ya taso. Duk damina sai ƙasusuwansa sun kwantar da shi, amma idonsa ko kwantsa bai taɓa yi ba, da shi yake cin abinci, da shi yake taƙama.

Madam Agnes, wadda ya rufe wa shago sau biyu, ta wanke tebura da tafasasshen ruwa, ta sa waya a tagogi, ta fesa magani har kyanwarta ta yi ƙaura. Fatai ya dawo, ya dubi farin bango, ya kai masa mari.

"Uku, Madam. Su ne dai na jiya. Tun daga shataletalen Bata suke bina."

Nan da nan zance ya zaga gari cewa gwamnati ta ɗauki ƙudaje aiki, har an yi musu ƙarin albashi. Abin haushi, masu hankali ma sun yarda.

Agnes ba ta yarda ba. Ta ɗauko farin faranti ta kara masa a fuska.

"Oga, rufe idon hagu. Nawa?"

"Uku."

"To rufe na dama."

Ya rufe, ya ga faranti fari fat, ba ƙuda ko ɗaya.

Da kanta ta kai shi asibitin ido. Likita ya ce jinin mai amosani irinsa kan lanƙwashe ya toshe ƙananan jijiyoyin bayan ido, sai ido ya tsiro wasu marasa ƙwari, su fashe. Ɗigon jinin ne yake ta mari a bangon mutane. Tsoro ya kama Fatai, domin duba-gari marar ido sai dai a sallame shi.

Ya koma aiki yana kanne idon dama don ya bambance ƙudan Allah da nasa. Masu abinci suka ɗauka alama ce, ya zo hannu. Ya kanne wa mahauci, sai ga cinyar rago a gidansa. Ya kanne wa wata Hajja mai tuwo, mijinta ya biyo shi da muciya har Titin Ibrahim Taiwo. Mutumin da bai taɓa karɓar kwabo ba ya yi suna a cin hanci, yana mayar da kaya ana cewa raina su ya yi.

Wata safiya ya shigo shagon Agnes da idanu biyu a buɗe. Ya laluba kujera ya zauna.

"Oga, ina mutanenka?"

"Sun tafi, Madam."

Ta ɗaga hannu za ta gode wa Allah.

"Da idon suka tafi," in ji shi. "Matso da farantin nan, mu duba na hagun."