Hoton Auta a Motar Tsani

Mijina tela ne, amma in kana so ka ga ya yar da almakashi, bari jiniyar motar kwana-kwana ta yi kuka a titi. Kafin ka ce kwabo ya rataya kyamara a wuya ya fice, ya bar mai ɗinki tsaye da hannuwa a buɗe ana cikin auna shi. Da wannan ciwon na aure shi, kuma na daɗe da sallamawa, don mai hali ba ya fasa halinsa.

Bangon shagonsa daga ƙasa har silin hotunan motocin kashe gobara ne, jajaye jawur. Akwai mai katon tanki, akwai 'yar ƙarama mai shiga lungu, akwai tsohuwa mai dogon hanci da aka daina yayinta tun ina budurwa. Ya san ruwan da kowace take ɗauka, ya san ƙarfin famfonta, ya san wadda sai ta yi tari kafin ta tashi. Amma ka tambaye shi ajin da jikansa yake a makaranta, sai ya waiwayo ya kalle ni.

Su uku ne masu wannan sha'awar a garinmu, shi da Mai Kemis da wani tsohon direban bas da suke kira Dogo. Kuma suna da dokokin ɗaukar hoto kamar alƙalai. Sai an tsaya daga kusurwa yadda goshin mota da gefenta za su fito tare, rana a bayan mai ɗauka, tayoyi a miƙe, ƙofofi a rufe. Babbar dokar kuwa ita ce babu mutum a ciki. Ko gwiwar hannun wani ce ta leƙo, hoto ya lalace. Da idona na ga mijina ya bushe a rana yana jiran wani bawan Allah mai shara ya gusa.

Autarmu ta tashi a kafaɗarsa, yana yawo da ita tashar kwana-kwana tun ba ta iya magana ba. Abin ya shiga jininta. Da ta girma ta shiga aikin, ta koyi tuƙin manyan motoci, ni ina ta faɗa, shi yana ta washe baki. Sai ga shi an kawo wa tashar sabuwar mota mai tsani, irin wadda garinmu bai taɓa gani ba, aka ce Auta ce za ta fara fito da ita fili.

Ana gobe za a fito da motar ta zo shago da kayan aiki a jikinta, ta tsaya tana kallon bangon nan.

"Baba, abu ɗaya nake so," in ji ta. "Hotona a kan sitiyari, kuma kai za ka ɗauka. Kowa a wurin yana da waya, amma naka nake so."

"Wannan ai ƙaramin abu ne," ya ce, yana goge gilashin kyamara. "Kin san tsaninta mita talatin da biyu ne? Har da kwando a kai."

Ita ba ta taɓa faɗa ba, amma ni na haife ta. Na san tun tana yarinya take neman fuskarta a bangon nan ba ta samu ba, kuma na san abin yana cinta. Shi ya sa da safe na ɗauki mayafina na bi shi, ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Mun tarar da Mai Kemis da Dogo sun riga mu, suna ta zumuɗi kamar yaran da aka taso daga makaranta. Dogo ya rantse famfonta zai iya harba ruwa ya tsallake ginin banki. Mai Kemis ya ce ba wannan ne abin kallo ba, a jira a ga ƙafafun ƙarfe huɗu da take fitarwa ta dafe ƙasa kafin tsani ya tashi. Mijina kuwa yana can yana auna rana, ya matsa nan, ya koma can, har ya samu kusurwar da yake so.

Aka ɗaga ƙofar garejin, sai ga ta tana fitowa a hankali, sabuwa fil, tana ƙyalli har tana kashe ido. Gaskiya ni ma sai da tsikar jikina ta tashi. Auta ta juyo da ita tsakiyar fili ta tsayar daidai, tayoyi a miƙe, don ta san dokar ubanta. Sannan ta sauke gilashi, ta leƙo da hularta, tana murmushi tana ɗaga masa hannu.

Mijina, ido ɗaya a kyamara, ya ɗaga murya yadda kowa ya ji.

"Direba, shigar da hannu! Sunkuya mana!"

Ina kallon fuskarta lokacin da murmushin ya ɗauke. Ta janye hannunta, ta ɗaga gilashi, ta sunkuya har hularta ta ɓace. Kyamara ta yi ƙyas.

Dogo da Mai Kemis suka rufe shi suna leƙen hoton, suna cewa wannan sai bango, ba a taɓa yin irinsa ba. Shi kuwa baki har kunne. Ni raina ya ɓaci sosai. Na ratsa tsakaninsu na tsaya a gabansa.

"Malam, wa ka ce ta sunkuya?"

"Direbar ce ta fito da han..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi hoton, ya dubi motar, bakinsa a buɗe.

Ya ɗaga ƙafa ke nan zai nufe ta sai ƙararrawar tasha ta ɗauka. Wannan ba gwaji ba ne. Wuta ta kama wani bene da ake ajiye katifu, kuma akwai mutane a saman. Nan da nan fili ya hargitse, 'yan kwana-kwana suna zura riguna a guje suna ɗarewa mota. Auta ta miƙe a kujerarta, ta kunna jiniya, ta fice ta gabanmu ba ta ko kalli inda muke ba. Abokansa suka bi ta da kyamara suna ta ɗauka. Mijina nasa hannun yana ƙasa.

Muka zauna a benci bakin tasha, muna hangen baƙin hayaƙi ta bayan gidaje. Mai Kemis ya so ya ja shi da hirar tsani, shi kuwa idonsa na kan hayaƙin. Ni da na shirya masa faɗa cike da baki sai na haɗiye, don tsoro ya kama mu duka biyun, kuma na ga nasa hukuncin ya ishe shi.

Sai da rana ta karkata suka dawo. An sauko da kowa lafiya ta tsanin nan, in ji ogansu, kuma Auta ce ta shigar da motar wani matsatsin da shi kansa bai yi zaton za ta shiga ba. Motar kuwa ta koma kamar ta shekara tana aiki, toka da taɓo ko'ina, mesar ruwa a jiƙe an cusa ta yadda aka samu. Dogo ya dube ta ya mayar da kyamararsa jaka.

Auta ta buɗe ƙofa za ta sauko, fuska duk baƙin hayaƙi, idanu jajaye. Mijina ya riga ya isa gindin motar.

"Auta, koma ki zauna."

"Baba, motar ta yi datti," ta ce a gajiye. "Rana ma ta juya."

"Na gani. Koma ki zauna, don Allah."

Ta koma ta riƙe sitiyari. Tsoho da shi ya kama ƙarfe ya hau matakalar motar, ya matsa kusa da ita har kyamara ta kusa taɓa hularta, ya ɗauka. Da ya sauko Mai Kemis ya leƙa ya ce motar ba ta fito ba ko madubi, kuma hoton ya yi dishi-dishi. Gaskiyarsa ce, abin da ban taɓa gani a hoton mijina ba.

"Bari in goge in sake," ya ce. "Ban iya ɗaukar mutane ba."

Auta ta karɓi kyamarar ta daɗe tana kallo, sannan ta riƙe ta a ƙirji ta hana shi.

"Kar ka goge, Baba. Ni ce a ciki."