Ruwan Ƙanƙarar Koci Orval

Shekara talatin da ɗoriya ina auren Orval Brandt, kocin ƙwallon Amurka na makarantar garinmu, ban taɓa jin ya ce wa ɗan wasa "ka kyauta" ba. Kalmarsa ɗaya ce: "Sake!" Ka faɗi, sake. Ka yi daidai, sake. Ni kaina na taɓa ɗaura masa laktaye ya ce in sake, na ce ya je can ya nemi 'yan wasansa.

Ya ciyo kofuna har na rasa inda zan ajiye fitila a falo. Abu ɗaya ne bai taɓa samu ba. Duk kocin da ya ci kofi, yaransa kan lallaɓo ta baya su juye masa kular ruwan ƙanƙara a ka. Orval kuwa, wa ya isa? Ƙartin da ke wuni suna ture juna kamar shanu, yana gyaran murya sai kowa ya shiga taitayinsa.

Ana jibi wasan kofi, wanda daga shi zai yi ritaya, muna karyawa aka nuno wani koci a talabijin jiƙe sharkaf, yaransa na ta dariya.

"Shashanci," in ji Orval. Ya daɗe yana juya cokali. "Wannan yaransa na son sa. Nawa tsorona kawai suke ji, Lorna."

Maganar ta soke ni. Na rantse mutumin nan ba zai bar fili da wannan a ransa ba. Na tuƙa mota har gidan kyaftin ɗinsu, Marlon Pruitt, na faɗa masa abin da nake so.

"Mama Lorna, so kike ya kashe ni? Ni kaɗai uwata ta haifa fa!"

"Ji ƙato har ƙato! In kuka ci ba ku jiƙa shi ba, kai da kek ɗin tuffana har abada."

"To in ya kore ni fa?"

"Daga ina, sakarai? Shi ma tafiya zai yi."

Ranar Asabar sanyi har ƙashi, suka ci da ƙyar da jiɓin goshi. Ina kan benci ba ƙwallo nake kallo ba, kula nake kallo. Marlon da wani abokinsa suka ɗauko ta, ruwa na fallatsa, suka rufe ido suka juye wa Orval a ka.

Hularsa na ƙasa, ƙanƙara na gangara cikin rigarsa. Ya juyo a hankali, Marlon ya ja da baya.

"Pruitt!"

"Na'am, Koci."

"Rabi a ƙasa ya zube! Haka na koya muku aiki?" Ya share ruwan fuskarsa. "Sake!"

Wayyo, zo ka ga gudu! Mai bokiti, mai gora, har da wanda ya ciko hular kwanonsa a famfo. Orval ya tsaya tsakiyarsu ya buɗe hannuwa, yana dariyar da rabona da ji tun muna saurayi da budurwa.

Sati guda ya yi kwance da mura. Duk wanda ya zo dubiya, kafin ya zauna sai Orval ya share hanci ya ce, "Ka ji abin da yarana suka yi mini?"