Zakaran Sama

Wajen ƙarfe huɗu na yamma, hadari ya haɗo amma ruwan ya ƙi sauka, na ji Baba Mai Fenti yana buga bangon da ke tsakanin ɗakunanmu. Na ajiye dutsen guga na shiga.

Yana kwance, idonsa a sama. Can jikin rufi jirginsa yake rataye da waya, jirgin sararin samaniya, na gwangwanayen madara da ƙarafan tsohuwar lema. Da can shi ke zana allon talla a gidan sinimar unguwarmu, kafin a mai da wurin shagon siminti.

"Mai guga, duba min wayar nan. Yaron ya kira?"

Na duba. Ɗansa bai kira ba. Na ce, "Baba, ƙila hadarin nan ne ya hana."

"Ƙaryarka kamar gugarka take, duk a yamutse."

Ya nuna jirgin da haɓa. Sunan da ke jikinsa ya kankare, saura harafi ɗaya da rabi. Na ce ya kawo in sake rubuta masa.

"Kai da sunanka ma sai ka yi gumi? Wanda ya raɗa shi zai rubuta. Yaron nan yana ɗan ƙarami ya ce, Baba, sunansa Zakaran Sama. Ni na riƙe masa hannu ya rubuta."

"Ai jirgi jirgi ne, Baba."

Ya harare ni. "Ba ka san komai ba. Finafinan nan na sararin samaniya masu zuwa kashi-kashi, jarumi ya tsufa a canza shi, wani ya mutu, wani a kore shi. Amma da hancin jirgin ya leƙo, sai sinima ta ɗauki ihu, kowa na kiran sunansa kamar ɗan'uwa ya dawo daga tafiya. Shi ne gidansu. Shi nake zanawa a tsakiyar allo, jarumi ya raɓe a gefe. Abin da ba shi da suna, in ya fashe ba mai kuka."

Ya dama jan fenti a murfin kwalba, ya rufe da tsumma. Ya ce, "Kar ka bari ya bushe kafin ya zo." Kullum da safe sai in ɗiga masa kananzir in juya da tsinke. Fentin ya jira. Baba bai kai ƙarshen makon ba.

Bayan an binne shi ɗan ya iso, riga a goge sumul, waya a kunne. Ko zama bai yi ba ya aika a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, wai mai gida yana son ɗakinsa.

Na miƙa masa murfin da buroshi. "Yaya, ga shi bai bushe ba. Ya ce kai za ka rubuta sunan."

"Wane suna?"

"Na jirgin. Kai ka raɗa."

Ya ɗaga kai ya dube shi, har na ɗauka zai faɗa. Sai ya ce, "Tsuntsu ne ko me? Malam, gwangwani ne fa. Mota za ta tafi ta bar ni." Ya finciko wayar da jirgin ke rataye da ita, ƙura ta zubo mana.

Mai ƙarafa ya jefa jirgin saman kurarsa, kan gadon ƙarfen Baba, ya koma ciki kwaso sauran kaya. Na tsuguna. Na rubuta sunan a jikin jirgin, harafin ƙarshe ma bai samu wuri ba, sai da na lanƙwasa shi ƙarƙashin fiffike.

Ruwan ya sauko. Na ɗauko ledar da nake rufe kayan guga na lulluɓe jirgin. Mai ƙarafan ya fito ya tura kurarsa, a bakin lungu ƙafarta ta faɗa kwata, na sa kafaɗa na tura har ta fito. Mutumin bai waiwayo ba.

Na tsaya a wurin, jan fenti na bin ruwa daga yatsuna.