Wuyan Pak Kasiman

Duk kasuwarmu ta Klaten babu mai cika baki kamar Pak Kasiman mai tausa. Rumfar miyata na jikin tabarmarsa, don haka na sha surutu har na ƙoshi. Kowane ciwo a wurinsa iska ce ta shiga jiki, maganinta kuwa a murɗe wuya ya ce ƙaras. Asibiti, in ji shi, wurin ragwaye ne.

Kullum kafin ya taɓa kowa, matarsa Bu Ngatini ke fara murɗe nasa wuyan a gaban jama'a, don a ga ba abin tsoro. Wannan ƙarar ce jarinsa.

Sai ga gwanin da ciwo, daga wuya har yatsun hagu, kamar ana zuba ruwan zafi. A ɓoye ya je asibitin ragwayen, matar ce ta tsegunta mini. Hoto ya nuna jijiyar jinin wuyansa ta nannaɗe, ta danne jijiyar da ke sauka hannu. Likita ya ce murɗa ɗaya na iya tsinka ta.

Ya daina? Ina! Ran kasuwa ya zauna ya miƙa wuya.

"Bu, kar ki kunyata ni."

Ta dafa kansa kawai, ta murƙushe kerupuk, wani soyayyen abin taunawa mai ƙaras-ƙaras, a ɓoye a ƙarƙashin ƙafarta. Ƙaras! Jama'a suka gyaɗa kai. Ni kam na kusa ƙwarewa.

Ta farko a layi Mbak Sarmi ce mai sayar da tempe, wainar waken soya.

"Pak, daga wuya yake tasowa har yatsu, kamar ruwan zafi."

"Iska ce, 'yar nan. Zauna."

Ya naɗe hannun riga, ko kunya babu. Wallahi raina ya ɓaci. Bu Ngatini ce ta riƙe masa hannu.

"Tashi, Sarmi. Je ki asibiti a yi miki hoto, inda shi ma ya je. Ƙarar ɗazu kerupuk ce."

Ta ɗaga ƙafa kowa ya ga garin kerupuk ɗin. Layi ya watse, wasu na dariya, wasu na shafa wuyansu.

"Kin kashe ni, Bu," ya ce.

Ta fara naɗe tabarma.

"Da kashe ka nake so, Pak, da na yi maka irin aikin da kake yi wa mutane."