Ƙyauren Atika

A shekarar da ake ta zancen Turawa za su naɗe tabarmarsu, Tambari mai fatu na Ƙofar Marke ya sayi wata tsohuwar lori a hannun kamfanin da yake kai wa fatun jar akuya, ya girke ta a ƙofar gida, ya ce ɗaki zai gina a bayanta. Mutanen Sakkwato kuwa ba a raba su da baki. Wasu suka ce tsufa ne ya zo masa da gardama, wasu suka ce ai wanda ya daɗe yana shaƙar warin jima dole wata rana kansa ya juya. Shi dai ko a jikinsa. Niyyarsa ya kai matarsa Atika Makka ta ƙasa, ta Barno, ta Wadai, har bakin teku, ba tare da ta kwana a fili ba. Jirgin sama dai ta riga ta rantse ba za ta shige shi ba, ta ce ita ba shirwa ba ce.

Gaggawar da yake yi tana da dalili. Yanar ido ta fara rufe masa gani, har fata ma sai ya shafa yake gane mai kyau. Ya san in bana ta wuce, baɗi jagora zai nema, ba direba ba. Ga shi direban da ya ɗauka ya gargaɗe shi cewa su tashi da bazarar nan, domin da ruwan fari ya sauka a Wadai hanya kunu take zama.

Na'Allah kafinta ya yi aiki, a ba shi abinsa. Ya tayar da bango na katako, ya rufa kwano, ya shimfiɗa asabari a ƙarƙashin kwanon saboda zafi. Ya kafa gado biyu, ya yi wa buhun gero da tulun man shanu wuri, ya ɗaure gangunan ruwa da na fetur a gefe. Yaran unguwa har faɗa suke yi a kan wanda zai leƙa. Da aka gama, Tambari ya shiga gida yana washe baki, ya ce uwargida ta fito ta ga ɗakinta.

Atika ta yafa mayafi, ta fito, ta dubi motar sama da ƙasa.

"Malam, wanga tsani hwa? Biri za ka kaiwa Makka ko ni?"

Aka sake tsani, mai faɗi, har da abin dafawa. Ta hau, ta ce ina randa za ta zauna, ita ba ta shan ruwan ganga mai warin ƙarfe. Na'Allah ya yi wa randa gurbi, ya naɗe shi da tsumma don kada ta fashe a gargada. Ta ce taga ta yi ƙanƙanta. Aka faɗaɗa. Ta ce yanzu kuma ta yi girma, duk mai wucewa sai ya ga abin da take ci. Aka sa labule. Ta ce ina za a hura wuta in ana iska? Haba! Na'Allah ya fara shan kwana in ya hango Tambari a kasuwa.

Tambari bai yi fushi ba, don bai iya fushi da ita ba. Tun tana yarinya mai tsiwa aka kawo ta gidan nan, yana sonta, kuma tsufa bai rage komai ba. Amma ranar da ta ce masa, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago kai ba, "Ko mu bari sai baɗi, Malam?" sai ya tashi ya fita. Ya zauna a zaure yana ta lissafin abin da ya rage bai gyara a motar ba. Allah sarki, namiji! Ciwo na ciki, shi yana ta shafa magani a ƙafa.

Akwai abin da ba a faɗa a gidan nan. Suna da ɗa, Siddiƙu, ɗan farinsu, kuma shi kaɗai ya rayu. Tun lokacin yaƙin duniya, na Bama, ya bi ayarin masu zuwa hajji a ƙafa, yana saurayi. Sau ɗaya aka taɓa jin labarinsa, wani alhaji ya ce ya gan shi yana tsinkar auduga a wajen Hartum. Daga nan shiru. Atika kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar suna, balle ta ce tana kewarsa. Kunya ta hana. Shi ma Tambari haka, sai suka zauna shekara da shekaru kowa na haɗiye nasa. Abin da ya rage na yaron a gidan shi ne ƙyauren ɗakin uwarsa, wanda ya harhaɗa da hannunsa yana ɗan samari: gwangwanayen kananzir ya daddake ya buga a kan itace, ya shafe da shuɗin fenti. A karkace yake, in an buɗe sai ya yi ƙara har maƙwabta su ji. Sau nawa Tambari ya ce a sake shi, ta ce a bar mata kayanta.

Wata rana da hantsi ya dawo gida ɗaukar carbinsa da ya manta. Yana cikin zaure na biyu sai ya ji muryar Atika tana magana da ƙanwarsa Sadiyatu, wadda za ta tsare gidan in sun tafi.

"In har munka tahi, kar ki sa sakata. Furar baƙo ko, kar ki daina ajiye ta."

"Wane baƙo, matar Yaya?"

"Ko wane." Can ta ce, "In dogo na, da tabo nan ga gira, ki ce mishi... Mi za ki ce mishi, Sadiyatu? Mutum shi yi wagga tahiya duka, shi iso, shi iske ba kowa?"

Tambari ya dafa bango. Ƙwaryar furar nan da ake rufewa da faifai kullum, a bai wa mai wucewa da la'asar, shi duk zamansa sadaka ya ɗauke ta. Kunya ta kama shi, tausayi ya kama shi, ya juya a hankali ya fita ba carbin.

Ranar Alhamis matan suka tafi ziyara Hubbare. Suna bacewa ya aika aka kira Na'Allah, ya nuna masa abin da yake so. Kafinta ya riƙe baki.

"Malam Tambari, ƙyauren da niy yi ma mi yay yi? Wanga abu a karkace shi ke! Suna za ka ɓata min."

"Cire naka ka sa shi. Kuma kar ka miƙe shi, kar ka sa mishi mai."

Ya ƙara masa da wani aiki a ciki. Na'Allah ya yi ta ƙunƙuni, amma ya yi.

Da azahar Atika ta dawo ta iske ɗakinta baki buɗe. Sai ga ta a ƙofar gida, mayafi a karkace, ido jawur, abin da unguwa ba ta taɓa gani ba.

"Wa at taɓa min ƙyaure?"

Tambari ya nuna mata motar. Ga ƙyauren can a gefenta, shuɗi, a karkace, rana na dukan tsofaffin gwangwanayen.

"Hanyar gabas guda ta," ya ce, yana duban ƙasa. "Mai zuwa da mai dawowa nan su ka gamuwa. Duk zangon da munka sauka, jama'a za su taru kallo. Wanda yaƙ ƙera abin ga, ko cikin dubu yag gan shi ya san shi. In ko munka yi saɓani, ɗakin da ba ƙyaure ba a sa mishi sakata. Sadiyatu ta gaya mishi gida ya tahi biɗa tai."

Atika ta kama abin dafawa, ta hau tsanin, ta tura ƙyauren. Ya yi ƙararsa ta kullum. Tambari ya bi ta, yana laluben bango. A ciki, bayan gadajensu biyu, ga na uku an kafa a ƙarƙashin taga, da sabuwar tabarma.

"Wanga hwa?" ta ce, da ƙyar ake jin ta.

"Na baƙo na."

Atika ta daɗe a tsaye, ta ba shi baya, kafaɗunta na rawa. Shi ma hawaye ya zubo masa, bai share ba, ya ce a ransa ai kowa ya san idonsa na ciwo. Can ta ja gefen mayafi ta goge fuska.

"Ka gaya ma direban ga naka ban son gudu. Duk mai tahowa da ƙahwa, sai na ga huska tai."

"Na ji."

Sai ta durƙusa, ta ɗora gwiwar hannunta a kan gadon, ta auna shi kamu-kamu har ƙarshe. Ta girgiza kai, ta leƙa ta taga inda Na'Allah yake tsaye yana jiran hukuncinsa.

"Na'Allah, gadon ga gajere na," ta ce. "Baƙon dogo na."

Kafinta ya dubi fuskarta. Ya saɓa zartonsa ya tafi neman katako.