Gidan Dodo Mai Waya

Dodo maƙeri ne a Tanut. Wajen shekara goma bayan yunwar Kakalaba, Faransawa suka ba shi aikin ƙera ƙugiyoyin da ke riƙe wayar tangaraho a kan turaku. Ya iya. Sai suka bar masa gyaran wayar duka, daga kudancin Damargu har bakin hamada.

Gida ya bunƙasa. Aka sayi raƙuma, aka ƙara maƙera, dangi suka cika aikin. Ya zaunar da babban ɗansa Idrisa wajen Gangara, ɗansa na biyu Zakari kuma can arewa. Doka ɗaya ya kafa musu: da damina, lokacin da iska ke kada turaku, ba mai barin yankinsa, ko wa ya mutu.

Wata shekara da damina ciwo ya kwantar da shi. 'Yarsa Ruƙayyatu ce ke jinya.

"Baba, a kira su Yaya."

"Su zo su yi me? Su taya ki dama kunu?"

Da ƙafafunsa suka kumbura, shi da kansa ya ce, "Aika. Ina son ganinsu."

Ta tura Ɗan Azumi, mai kula da raƙuman gidan. Ya je, ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ina Idrisa?" in ji Dodo.

"Iska ta kada turaku, Baba. Ya ce sai ya tada su."

"Zakari fa?"

"Ya tambaya ko ka janye dokar. Na ce ban ji ka faɗa ba."



Ruƙayyatu ta ce, "Kalma ɗaya ce, Baba. Ka janye. Raƙumi na nan da sirdinsa."

"In na janye don kaina, gobe kowa ya janye don nasa. Sun yi daidai."

Ya juya fuska ga bango. Bai sake tambayarsu ba. Ranar Alhamis ya cika. Maƙwabta manoma suka bar noma suka yi masa wanka, suka kai shi.

Sai da aka fara yankan hatsi Idrisa ya iso. Ya tsaya a tsakar gida, bai kwance rawani ba.

"Ya yi fushi da ni?"

"A'a, Yaya. Ya ce kun yi daidai."

"Ya kira sunana?"

"Kullum, kafin ɗan aike ya dawo."

Idrisa ya zauna a ƙasa. Ta kawo masa ruwa, bai karɓa ba.