Tsagar Ɗakin Inna

Shekara biyu Yaya bai leƙo gida ba, sai ga shi da tabarau a goshi da hoton falon wani otal a waya, yana nuna mana kamar shi ya gina shi. Efoksi sunan abin, in ji shi, wani irin fenti ne da ake malalawa a ƙasa ya daskare ya koma kamar gilashi. Shi zai sa a yi wa ɗakin Inna.

"Uwata ba za ta ƙara taka wannan ƙazantar ba," ya ce, yana shurin simintin da takalminsa mai tsini.

Ƙazantar da yake faɗa kuwa ita ce idon Inna. Tun da ganinta ya tafi, da tafin ƙafa take gane ɗakinta. Akwai wata tsaga a simintin da ta taso daga ƙafar gado ta miƙe har ƙofar banɗaki, ita take bi. Inda ƙasan ya ɗan lotsa kusa da taga, nan take shimfiɗa sallaya. Da wannan take zuwa ta kama ruwa, ta yi alwala, ta dawo, ba ta kira kowa ba. Mace ce da ko buta ba ta yarda a ɗaukar mata, kuma abin da ya rage mata ke nan a duniya da take taƙama da shi.

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Ya saurare ni da rabin kunne, ido na kan waya.

"Ke Auta, matsalarki zaman gida ya yi miki yawa. Ƙasa sumul ai ta fi wa makaho sauƙi."

Makaho. Uwarsa ke nan yake kira haka, da murya irin ta mai karanta takardar magani.

Inna ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ɗanta na fari ya tuna da ita, ina ita ina musu? Ta tattara tasbaharta ta dawo ɗakina.

Mai aikin dattijo ne marar surutu. Ya wuni yana gurzar simintin da inji har gidan ya yi fari da ƙura. Da ya zo kan tsagar sai ya tsuguna, ya shafa ta da yatsa. Gefenta ya yi santsi saboda taku. Ya dube ni, na kau da kai. Ya cike ta.

Washegari ya zo da ruwan efoksin a bokiti biyu, ya juye na ƙaramin cikin babban, ya gauraya, ya tsaya da muciyarsa a hannu.

"Yallaɓai, tunda ɗakin tsohuwa ne, bari in barbaɗa yashi mai laushi a shafin ƙarshe. Ƙafa za ta samu abin kamawa. In ba haka ba, da ruwa ya ɗiga, santsi ne."

"Zai yi ƙyalli kamar na hoton?"

"Zai ragu kaɗan."

"To bar yashinka. Ban kira ka ka yi min titi ba."

Dattijon ya sa takalminsa mai ƙusoshi, ya malala abin, ya bi shi da rola. Yaya na bakin ƙofa yana ɗaukar bidiyo, yana ba da umarni a kan aikin da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba sai da ya gwada sau biyu. Wallahi ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba, ga shi ciki ɗaya muka fito.

Kwana uku aka rufe ɗakin. Ran na huɗu Yaya ya sa sabuwar riga, ya riƙo hannun Inna da hagu, waya a dama. Ƙasan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Har fankar sama kana gani a ciki.

"Inna, ga ɗakinki. Yi wa mutane magana, suna kallo."

"Allah ya yi albarka," ta ce.

Ya zaunar da ita a bakin gado, ya sumbaci goshinta sau biyu don na farkon bai fito da kyau a bidiyo ba, ya fita amsa waya. Jim kaɗan na ji tashin motarsa.

Na tsaya a ƙofa ban yi motsi ba. Inna ta sauke ƙafar dama, babban yatsanta yana lalube. Ya je gaba, ya dawo, ya je gefe. Ta miƙe, ta yi taku biyu da hannu a miƙe, ta nufi bango maimakon banɗaki. Ƙafarta ta ɗan zame. Ta ja da baya a hankali har gado ya taɓa ta, ta zauna, ta gyara ɗankwalinta.

"Auta, kina nan?"

"Ina nan, Inna."

Da ta sake magana, ƙasa-ƙasa ta yi, kamar mai tsoron maƙwabta su ji.

"In kin shiga kasuwa, ki sayo min fo, irin na fitsarin yara. Ki ajiye min nan gefen gado."